Katako na Ashirin da Uku

A shekarar 1921 ne Emil Dudash da Orrin Prosser suka fara haɗuwa, cikin watan Afrilu, a kan wani katako mai faɗin taku ɗaya, ƙafa saba'in daga ƙasa. Emil yana durƙushe da guduma a hannu, kunnensa dab da itacen. Orrin kuwa ya gangaro daga sama, hannuwansa cikin aljihu kamar mai yawo a kasuwa.

"Kai, Maƙwaƙƙwafi," in ji Orrin, "tun ɗazu nake jin ƙwas-ƙwas. Tsutsa kake nema, ko gida kake sassaƙa wa kanka?"

Emil bai ɗago kai ba. Ya ce, "Matsa. Ka tare mini haske."

"Ka san ko wane ne ni? Ni ne sabon mai birki. Daga watan gobe rayukan mutane a hannuna suke."

"Kai kuma naka ran a nawa hannun yake. Matsa."

Orrin ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa ƙarfe. Sunan nan na Maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai saran itace da baki, ya bi Emil shekara arba'in, amma a bakin mutum ɗaya kaɗai. Ba wani da ya isa ya kira shi haka.

Garinmu Tolliver garin masana'antar ƙarfe ne da ramukan kwal. Kamfanin taragon lantarki ya ga ranar Lahadi taragunsa suna tafiya wayam, sai ya sayi wani kwari a ƙarshen layi, ya kafa Lambun Larimer. Da fari benci ne da dandalin rawa da dawakin katako masu juyawa. A 1909 aka gina jirgin lilo, aka sa masa suna Shaho. Tsofaffi suna cewa asalin irin wannan jirgi daga taragun kwal ne da ake saki su gangaro daga kan dutse, mutane suna biya su hau don su ji cikinsu ya faɗi. Shaho bai yi nisa da kakanninsa ba. Tarago uku ne, kowanne mutum takwas. Tsakanin na farko da na biyu akwai doguwar kujera, a nan mai birki yake zama da sandar ƙarfe a hannu. Ba abin da ke riƙe ƙafafun jirgin a kan dogo sai nauyinsa da hankalin mai birki.

An haifi Emil a wani ƙauye na ƙasar Hungari a 1892, ɗan kafinta. Ya zo Amurka a 1913, ya yi shekara shida yana kafa katakon tokare rufi a ramin kwal, kuma a can ne ya koyi sauraron itace. Da ya sami aikin duba Shaho, ya ɗauka an fitar da shi daga kabari ne. Kullum ƙarfe shida na safe yakan hau, ya taka dogon nan ƙafa dubu uku da ɗari, gudumarsa a dama, basilla a hagu. Lafiyayyen katako, in ji shi, yana amsa guduma kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa kamar an bugi kabewa.

Babban aikin yana farawa a ƙarshen watan Afrilu, kafin a buɗe lambun. Mako uku yakan yi yana bin ginshiƙai da tokare ɗaya bayan ɗaya, wajen dubu huɗu. Duk wanda ya ji bai gamshe shi ba, sai ya zana masa gicciye da shuɗin alli. Bayansa kafintoci su biyo su canza. Bayan su masu fenti su shafe komai da fari. Haka tsarin yake tun da aka gina jirgin: alli, zarto, fenti. Emil ba ya rubuta komai a takarda. Da yamma yakan faɗa wa shugaban kafintoci adadin da ke kansa, kuma cikin shekara goma sha biyu ba a taɓa ƙirgawa aka same shi da kuskure ba. Yana alfahari da wannan fiye da yadda ya kamata.

Orrin kuwa ɗan gari ne, ubansa mai birki ne a jirgin kwal. Mutum ne mai barkwanci da gashin baki mai murɗe. Masu birki uku ne a Shaho, amma samari sukan bar jirgi biyu su wuce don su hau nasa. In an kai ƙolin farko sai ka ji suna ihu, "Saki, Orrin, saki!" Shi kuma ya ɗaga hannu biyu sama, ya bar sandar. Manajan lambun, Mista Gorham, yakan daka masa tsawa a gaban jama'a, in sun keɓe ya ba shi sigari.

Ranar Litinin da lambun ke rufe, Orrin yakan ci abincin rana a gidan Emil. Matar Emil, Ilona, takan yi naɗin kabeji da nama.

"Misis Dudash," in ji shi, "ki rabu da wannan mutumin ki aure ni. Da itace yake hira, ke kuwa ko kallo."

"Matarka ta ji ka," in ji Ilona. "Ci ka yi shiru, mai bakin ganga."

Haka aka yi shekara goma.

A 1931 masana'anta ta kashe tanderunta uku cikin huɗu. Maza suna zaune a bakin titi tun safe. Gorham ya sallami kafintoci huɗu cikin shida. Emil ya gama dubansa ran sha biyar ga Mayu, ya zana gicciye ashirin da uku. Washegari autarsa Piroska, 'yar shekara biyar, ta tashi da ciwon maƙogwaro. Likitan gari ya ce mashaƙo ne, ya liƙa jar takarda a ƙofar gidan: ba shiga, ba fita. Kwana bakwai yarinyar ta yi tana neman numfashi. An binne ta ba tare da an kai ta majami'a ba. Ran ashirin da shida ga wata aka cire takardar, Emil ya hau taragon farko zuwa lambu.

Tun daga nesa ya hango Shaho fari fat, yana ƙyalli cikin rana.

Abin da ya faru ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba. Sabon katako ya makara a hanya, ruwan sama ya ci kwanaki, ranar buɗewa ta matso. Gorham ya ga bai kamata a zauna jira ba, ya kwaso mutum talatin daga cikin waɗanda masana'anta ta sallama, ya ba su bokiti da burushi. Mutanen kirki ne, sun yi aikinsu tsaf. Ba wanda ya gaya musu ma'anar shuɗin gicciye.

Emil ya sami Gorham a bakin ɗakin sayar da tikiti.

"Yallaɓai, ina alamomina?"

"A'a, Dudash, ka fito? Na ji abin da ya same ka. Allah ya ba ku haƙuri."

"Alamomina, yallaɓai. An shafe su."

"To, mene ne? Ba kai ne mai ƙwaƙwalwa ba? Katako ya iso jiya. Hau ka nuna musu."

"Sai an sake duba duka. Mako uku."

Gorham ya cire sigari daga baki. "Ranar Asabar za mu buɗe. Rana ce ta kai furanni makabarta, daga can duk gari nan zai zo. In ban buɗe ba, babu lambu bana, babu ni, babu kai. 'Ya'ya nawa suka rage maka?"

"Uku."

"To, hau."

Ya hau. Ranar farko ya gano goma sha huɗu, ƙafarsa ce ma take kai shi wurinsu. Rana ta biyu shida. Rana ta uku biyu. Ashirin da biyu ke nan. Ranar Jumma'a ya yi ta zagaye tun asuba, yana buga wannan yana buga wancan. Ɗanyen fenti yana danne ƙarar guduma, kowane katako yana amsawa iri ɗaya. In ya rufe ido don ya tuna, ba ginshiƙi yake gani ba, sai wuyan Piroska. Wajen la'asar ya fara ce wa kansa: anya ashirin da uku ne? Mutumin da ya yi kwana tara bai yi barci ba, ai lissafi yana iya ruɗe masa. Wataƙila ya ƙirga wani sau biyu.

Shugaban kafintoci ya kira shi daga ƙasa. "Emil! Nawa ka ce ne wai? Mu mun gama."

Emil ya dubi gudumarsa. Ya ce, "Ashirin da biyu."

Al'adar Shaho ce ranar buɗewa a cika taragu da buhunan yashi, mai duba dogo ya zauna a kujerar gaba, a yi zagayen farko da shi. In ya yi sakaci, shi zai fara gani. Emil ya zauna, Orrin yana bayansa a kan doguwar kujera.

"Riƙe hularka, Maƙwaƙƙwafi. Yau za ka ga mahaifarka daga sama."

Suka zagaya sau uku, ba abin da ya motsa. Emil ya sauka, ya gode wa Allah a zuciyarsa. Ya tabbata ashirin da biyu ne.

Ƙarfe huɗu saura minti ashirin na yamma, ran talatin ga Mayu, jirgin Orrin ya shiga kwanar da ke bisa rafi, cike da mutane. Aka ji ƙara kamar an harba bindiga. Dogon ya sunkuya gefe guda. Taragon farko ya wuce, na biyu ya karkace, na uku ya tsinke ya faɗa cikin rafin. Mutum goma sha ɗaya suka ji rauni. Sandar birki ta danne ƙafar Orrin ta hagu. Mutum ɗaya ya mutu: Rudolf Reinke, mai gashin burodi, ɗan shekara ashirin da shida. Matarsa Adela tana da ciki wata bakwai, shi ya sa ba ta hau ba. Tana tsaye a bakin shinge, a kan idonta aka yi komai.

Ranar Lahadi da sassafe, kafin kowa ya zo, Emil ya gangara rafin. Ya sami guntun tokaren da ya karye maƙale tsakanin duwatsu. Cikinsa ya zama gari, yatsa yana nutsewa. Ya fitar da wuƙarsa ya kankare fentin a hankali. Gicciyen yana nan, shuɗi, da hannunsa ya zana shi.

Ya sa guntun cikin kwat ya kai gida, ya cusa a murhun kicin.

"Me kake ƙonawa haka mai wari?" in ji Ilona.

"Itace."

Ta dube shi, ta dubi murhun, ta buɗe taga. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake tambaya ba.

Kafin masu bincike su iso ranar Litinin, Gorham ya sa an gyara kwanar tsaf. A zaman bincike shaidu tara suka ce sun ji ana ihun "Saki, Orrin, saki!" Biyu suka rantse sun ga hannuwansa a sama. An sami kwalbar giya a akwatin kayansa, a lokacin kuwa doka ta hana giya. Aka kira Emil.

"Katako nawa ka samu da lahani bana?"

"Ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

"An canza su duka?"

"An canza."

Minti huɗu ya yi a tsaye. Yana fitowa ya ga Ilona da yaran uku suna jiransa a bakin matakala, ya kau da kai.

An yanke ƙafar Orrin sama da gwiwa. Daga tsakar ranar Asabar ɗin har ya farfaɗo a asibiti, bai tuna komai ba. Da Emil ya je duba shi, ya same shi yana kallon rufi.

"Sun ce na saki sanda a kwana," in ji Orrin. "Ban tuna ba. Amma na san halina, Maƙwaƙƙwafi. Abin da zan aikata ne."

Emil ya buɗe baki. Orrin ya riga shi.

"Kada ka ce komai. Kai ka yi naka aikin. Kullum kana yi mini gargaɗi."

Alƙali ya ɗaure Orrin shekara biyu da rabi. Kafin ya fito, matarsa ta kwashe 'ya'yansu biyu ta koma wurin danginta a jihar Ohio, ta canza musu sunan uba.

A damina ta gaba aka sa wa Shaho sababbin ƙafafu irin waɗanda ke kama dogo ta ƙasa, aka mayar da birki tasha, aka cire doguwar kujerar. Aikin mai birki ya mutu a Tolliver, kamar yadda yake mutuwa a sauran wurare. Jarida ta rubuta cewa yanzu ran jama'a ya fita daga hannun mashaya.

Emil ya ci gaba da aikinsa, amma bai sake taɓa alli ba. Duk katakon da kunnensa ya ƙi, nan take yakan sa zarto ya yanka shi har rabi, yadda ba fentin da zai rufe shi, ba kuma mai iya buɗe jirgi sai an canza. Gorham ya yi faɗa, ya yi zagi, ya yi barazanar kora. Emil yakan tsaya ya saurara har ya gama, washegari ya sake yankawa. Shekara ashirin da bakwai Shaho ya ƙara yi, ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Mutane suna yabon Emil a kan wannan. In an yabe shi sai ya tashi ya bar wurin.

Orrin ya fito a ƙarshen 1933, da sanda biyu da gashin baki da ya yi furfura. Ba wanda ya yarda ya ba shi ɗaki. Emil ya sama masa wani a Layin Tanderu, bayan shagon mai gyaran takalma, ya roƙi mai shagon ya koya masa sana'ar. Da hannunsa ya sassaƙa masa ƙafar katako, ya sake ta sau biyar cikin shekaru. Kowace Litinin yakan kai masa kwanon naɗin kabeji.

Ran talatin ga Mayu na 1934, ƙarfe goma na safe, Adela Reinke ta taso daga makabarta cikin baƙaƙen kaya, ɗanta a hannu. Ta tsaya a kan titi daidai ƙofar Orrin. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Tsayuwa kawai, tana kallon ƙofar. Maƙwabta suka leƙo. Can sai ƙofar ta buɗe, Orrin ya fito, ya jingina sandunansa da bango, ya cire hula, ya tsaya a gabanta da ƙafa ɗaya da katako ɗaya, kansa a sunkuye. Sai da ƙararrawar majami'a ta buga sha ɗaya ta juya ta tafi.

Ta dawo a shekara ta gaba, da wadda ta biyo. Ɗan ya girma ya daina raka ta, ita ba ta daina ba. Ba ta sake aure ba, ta riƙe gidan burodin mijinta ita kaɗai. Yaran layin suka taso sun san Orrin da suna ɗaya, Makashi, kuma iyayensu ba su hana su ba.

"Don me kake fita?" Emil ya tambaye shi wata Litinin. "Rufe ƙofarka. Ba dole."

"Dole mana. Awa ɗaya a shekara. Ita kuwa kullum take tashi ba miji." Ya ɗauki cokali. "Bar wannan zancen. Kai dai kai ne abin mamaki. Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka guje ni ba. In na je lahira zan ba da shaidarka, ko da ba za su karɓi shaidar irina ba."

Emil ya ce kabejin zai huce.

Sau uku Emil ya yi niyyar faɗa masa gaskiya. Sau ɗaya da yaransa suka kama aiki, sau ɗaya da Gorham ya mutu, sau ɗaya da aka binne Ilona. Kowane karo yakan isa ƙofar, ya ji Orrin yana buga ƙusa yana waƙa, ya ce a ransa: in na faɗa masa yanzu, wa zai kawo masa abinci? Ya san ba wannan ne dalilin ba.

Lambun ya tsufa tare da su. Mutane suka sayi motoci, suka gano wurare masu nisa. A 1952 aka daina taragon lantarki. Talabijin ta shiga gidaje, dandalin rawa ya zama wurin ajiye kaya. A 1958 aka rufe Lambun Larimer, wani baƙo ya sayi dawakin katako ya tafi da su. Shaho kuwa mota mai ƙugiya ta ja shi ƙasa cikin kwana biyu, aka cinna wa tarin wuta. Ana ta labarin wai a yammacin ƙasar an fara yin dogon jirgin lilo da bututun ƙarfe, wanda ba ya ruɓa. Emil ya ce kowane abu yana ruɓa, sai dai wani ba ya faɗa maka.

A watan Maris na 1961 ɓarin jikin Orrin na dama ya shanye. Ƙafar da ta rage masa ta daina ɗaukarsa, bakinsa ya karkace. Emil, yana da shekara sittin da tara, ya koma zuwa kullum: ya juya shi, ya wanke shi, ya ba shi abinci a baki.

Ranar Lahadi, ashirin da takwas ga Mayu, Orrin ya kama hannun rigarsa. Maganarsa tana fita da ƙyar.

"Jibi za ta zo."

"Na sani."

"Ka fitar da ni. Ba a kujera ba. Ka ɗaure ni da igiya a jikin ƙyaure, a tsaye. Kada ta ce na ɓuya."

"Ba za ka iya ba."

"Shi ya sa na ce igiya, kai jaki. Ka yi alkawari."

Emil ya dubi ƙasusuwan da ke cikin bargon. Bai yi alkawari ba. Ya gyara masa matashi ya tafi.

Ranar Litinin da hantsi ya sa kwat ɗinsa na zuwa majami'a, ya tafi gidan burodin Reinke. Ya jira har mai saye na ƙarshe ya fita. Adela tana goge kanta, gashinta ya yi fari.

"Mista Dudash. Baƙi ko fari?"

"Ba burodi na zo saya ba, Misis Reinke."

Ya faɗa mata a tsaye, hula a hannu, daga jar takarda har murhun kicin. Bai ambaci sunan Piroska ba, bai ɗora wa Gorham komai ba. Ya ce ashirin da uku ne, amma ya gaya wa masu bincike ashirin da biyu, kuma ya san haka lokacin da ya faɗa.

Ta ajiye tsumman. "Shi ya aiko ka?"

"Bai sani ba. Har yau yana tsammanin shi ne."

"Shekara talatin."

"I."

"Shekara ashirin da bakwai ina tsayawa a gaban gurgun da bai yi mini komai ba. Kai kuma kana wucewa da kwano, kana gaishe ni." Muryarta ba ta tashi ba. "Me kake so? Gafara?"

"A'a. Gobe ba zai iya tsayuwa ba. Gidana lamba goma sha shida ne, Layin Rijiya."

"Fita daga shagona."

Daga nan ya wuce Layin Tanderu. Ya ja kujera kusa da gado, ya sake faɗa, kalma bayan kalma. Wannan karon ya fi wuya, don Orrin bai fahimta da wuri ba, sai da ya maimaita wajen rafin.

"Ka ga gicciyen da idonka?"

"Na gani."

"Ke nan ban saki sanda ba?"

"Ban sani ba. Ko ka saki ko ka riƙe, da ya karye."

Hawaye yana bin ɓarin fuskar Orrin da ya mutu. Ya ce, "'Ya'yana suna can da sunan wani."

"Zan rubuta musu."

"Kai ka iya rubutu ne?" Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, kusan dariya. Sannan ya juyar da fuskarsa bango. "Tafi, Emil."

Tun 1921 bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Bai kuma sake yi masa magana ba har ya rasu a watan Agusta, ko da yake Emil ya ci gaba da zuwa kullum yana juya shi yana wanke shi, shi kuma yana barinsa. Wasiƙar, limamin majami'arsu ne ya rubuta ta, Emil yana faɗa. An aika Ohio. Amsa ba ta zo ba.

Ranar Talata, talatin ga Mayu, ƙarfe goma na safe, mutanen Layin Tanderu suka leƙo kamar yadda suka saba, ba su ga kowa ba. A Layin Rijiya kuwa wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a kan titi daidai lamba goma sha shida. Maƙwabta suka ɗauka ta ɓata hanya ne, wata har ta fito za ta nuna mata. Sai ƙofar ta buɗe. Emil Dudash ya sauko matakala uku, ya cire hula, ya tsaya a gabanta.

Bai yi wa kowa bayani ba, ita ma ba ta yi ba. Sau shida ya yi wannan tsayuwar kafin ya rasu a farkon 1967, biyu daga ciki cikin ruwan sama. Ko sau ɗaya bai koma ciki ba sai ƙararrawa ta buga sha ɗaya.